Zamana a Bayan Zana Saboda Akuyar Inna

Ni mutum ne da Allah ya halitta da baki. Inna takan ce ranar da aka haife ni, ungozoma ba ta gama yanke cibi ba na fara ba ta labarin inda na fito. A fadarmu ta shayi da ke gindin dogon yaro, in na ɗan yi shiru sai wani ya taɓa goshina ya ji ko zazzaɓi ne. To ni ɗin nan aka zaunar a bayan zana, fuskata ga bango, kunnuwana cike da auduga, aka ce ko tari kada in yi. Ba jandarma ya kama ni ba, ba alƙali ya tura ni kaso ba. Akuya ce ta ɗaure ni, da taimakon bakina.

Akuyar ta Inna ce, ja, mai farin tabo a goshi. Jinin wadda kakata ta ba ta ne ranar da aka kawo ta gidan babana. Cutar wata shekara ta share sauran, ita kaɗai ta rage, kuma ta fara tsufa. Inna ma haƙora sun yi mata sallama, tuwo ba ya wuce mata, abincinta fura da nonon akuya. Nonon kuwa ya ƙafe tun tsakiyar damina.

A wajenmu da an yi shuka ake ɗaure awaki a turke, ba sa ganin daji har a yanke gero, a roro wake, a cire gyaɗa, sannan mai gari ya sa a yi shela an saki gonaki. A wannan sakin suke ƙiba, a cikinsa kuma suke gamuwa da bunsuru, don a unguwarmu ba mai haƙurin ciyar da bunsuru damina guda, sai waɗanda ke shigowa da garken Fulani su ci kara su wuce. Akuyar da ta ɗauki ciki lokacin, a bazara take haihuwa, daidai sa'ad da zafi ke gasa tsofaffi, rumbu ya fara nuna gindi. Wadda ta kuskure kuwa, mai ita sai haƙuri. Duk lissafin Inna na shekara a kan wannan sakin yake.

Ana cikin yankan gero wata ƴar furoje mai binciken dabbobi ta zo daga jami'a, siririya mai tabarau, ƴar Damagaram, muna ce mata Madam. Aka ba ta wani ɗakin kwano a gefen gari, wajen hanyar Dungass, ta kewaye filinsa da waya, ta ɗora farantin hasken rana a bisa. A ƙofar mai gari ta yi mana bayani. Tana son ta san yadda akuya ke koyon abu, yadda take bambance wannan da wancan, da tsawon lokacin da take riƙe shi a ka. Tana neman aron awaki, ita za ta ciyar, ita za ta yi musu allura. Wanda ya so karɓar tasa, ko yaushe ne, ya zo ya karɓa, sai dai wadda ta fita ta shiga garke ba za ta dawo jarrabawa ba.

Taubashina yana wurin, ɗan kawuna ne, mai amalanke da jaki, wanda tun muna yara aikinsa a duniya ya ga na kunyata. Ya ce zai ba da tasa, sannan ya juyo wajena.

"Bawana, kai zauna. Ku gidanku ko mutanen ba su gama makarantar lakwal ba, balle akuya."

"Ubangidanka dai," na ce. "Akuyar Inna ta san Juma'a, ta san ran kasuwar Mallawa. In ladan ya makara ita ke zuwa ta tashe shi."

"To kawo ta mu gani."

Da na tsaya nan da na kwana lafiya. Amma jama'a na dariya, ni kuwa dariya gare ni kamar iska ce ga wutar kara. Na miƙe na ce kowa ya shaida, in akuyar Inna ta fito daga ɗakin nan ba ta ci jarrabawa ba, ran kasuwa a kwance jakin taubashina, ni zan ja amalanken daga tasha har ƙofar gidansa, yana bisa. Dattawa suka ce sun ji. Mai gari ya goge hawayen dariya da bakin rawani ya ce shi ma ya ji.

Inna ba ta yi dariya ba. Ni ne ɗan farinta, ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce kai wannan.

"Kai wannan, aro na ba ka. Ka maido mini ita kafin a saki gonaki."

"Inna, ai kwana nawa ne? Da diflom za ta dawo miki."

"Da ciki nake son ta, ba da takarda ba."

Cikin ɗakin akwai wani ɗan keji na katako wanda akuya ɗaya ke shiga. A gabansa allon gilashi, a bayan gilashin odinatar, wadda ƴan uwanmu na ƙetaren iyaka ke kira kwamfuta. Alamu biyu ke fitowa a gilashin, ɗaya kamar faifai, ɗaya kamar ƙafar kaza. In akuya ta dungure faifan da hanci, sai na'urar ta yi ƙara, ƴar dusa ta gangaro cikin wani ƙoƙo da ke tsakiya. In ta dungure ƙafar kaza, gilashin ya yi baƙi, ta jira ba ta samu komai ba. Faifan ba ya zama wuri guda, yanzu yana dama, an jima yana hagu, ba mai sanin inda zai ɓullo, ko Madam. Odinatar ke zaɓa, ita ke rubuta kowace dungura. Madam ta ce an ba na'ura aikin ne don mutum ba ya iya ɓoye abin da ke ransa. Dabba tana karanta fuskarsa, da tsayuwarsa, har da numfashinsa, sai a zaci ta gane alama alhali mutumin ta gane.

Awakin mutane suka riƙa shiga suna dungure-dungurensu. Ta Inna ta shiga, ta waiga ba ta gan ni ba, ta buɗe baki. Wallahi kukan nan har garin Waca an ji shi, an aiko tambaya ko lafiya. Ni nake kai mata harawa tun tana ƙarama, ba ta taɓa yini inda ba ni ba Inna ba. Madam ta ce a rataye rigata kusa da kejin ko warina zai kwantar mata da hankali. Aka rataye. Ta cinye hannun rigar, ta ci gaba da kuka.

"Baba," in ji Madam, "sai dai ka riƙa zama a ɗakin. Amma kada ta gan ka, kada ka yi magana."

"Har yaushe, ƴata?"

"Har ta gane."

Aka kafa zana a kusurwa, aka sa mini kujera ƴar tsugunno. Wurin bai fi bakin rumbu ba. In na miƙe ƙafa ta taɓa bango, in na jingina kwano ya ƙona mini baya. Da an shigo da ita sai in yi gyaran murya sau ɗaya ta san ina nan, daga nan na zama gawa. Da safe a yi zama, da yamma a sake. Tsakanin zaman biyu ba na nisa, don in ta daina jin motsina a filin kukan ke dawowa. Ƙannena suka ƙarasa mini girbi. Fada ta ci gaba da shayi ba ni, aka ce wai wani ma ya gaje wurin zamana yana ba da labarai marasa gishiri.

Ba zafin ya fi damuna ba. Magana ce ke taruwa a cikina ba hanyar fita. Labari ya zo mini mai daɗi, wanda da a fada ne sai an kwanta ƙasa, in haɗiye shi da yawu. Kafin azahar cikina ya kumbura kamar na jakin da ya sha ruwan tabki. Na fara ba ƙadangaren da ke bin katakon rufi labari a zuci. Shi aƙalla yana gyaɗa kai.

Ta tsakanin karan zanar ina ganin gilashin, ina ganin ƙeyar akuya. Abin da na gani shi ya fara hana ni cin abinci. Ba ta kallon alamun ko kaɗan. Tana shiga sai ta nufi hagunta ta dungura. Faifai na hagu ta samu dusa, faifai na dama ta samu duhu, ta jira, gilashi ya haska, ta sake dungure hagu. Ita a ganinta na'urar ce mai rowa wani lokaci, wani lokaci mai kyauta, kamar kowane attajiri.

Can sai abu ya fara gyaruwa. Ta riƙa tsayawa, ta ɗaga kunne, sannan ta juya dama in faifan na dama. Na je fada da magariba ina taku kamar sabon ango, na ce wa taubashina ya fara yi wa jakinsa kitso, don ba hutu a gabansa. Washegari Madam ta kira ni ta nuna mini hoton da kamerar ɗakin ta ɗauka. Ga akuya ta nufi hagu, ga zana ta ɗan motsa, ga akuya ta fasa.

"Baba, duk lokacin da za ta yi kuskure kana riƙe numfashi ka sunkuyo gaba. Kujerar na ƙara. Ita kai take saurara."

"Ni? Wallahi ko gashin girata ban ɗaga ba."

"Na san ba da gangan ba ne. Kowa haka yake yi. Amma waɗannan kwanakin ba za a lissafa su ba."

Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da na fi samun sauƙi. Ta ɗauke kujerar ta shimfiɗa mini buhu, ta juya ni na fuskanci bango, ta miƙo mini auduga in toshe kunne don kada in ji ƙarar na'ura in san an ci ko an faɗi. Akuya ta koma hagunta kamar ba a taɓa rabuwa ba.

Daga nan duniyata ta zama wata ƴar huda da ƙusa ta bari a jikin kwano. Ta nan nake ganin tsinin hanya, da rabin wata bishiyar gawo, da ƙafafun masu wucewa. Na san mutanen garinmu da takalmansu fiye da yadda matansu suka san su. Ba na jin komai sai bugun jinina. Wani lokaci in ce a raina, kai, tashi ka kwance akuyar nan ka tafi gida, ƙofa ba a kulle take ba. Sai in hango kaina tsakanin sandunan amalanke, kasuwa ta cika, taubashina na bisa yana cewa arr, sai in gyara zama. Sabo turken wawa, in ji mutane. Akuya ta saba da hagu, ni na saba a yi dariya da ni ba a yi mini ba, kowannenmu da turkensa.

Akuyar taubashina kuwa, wata baƙa mai idon ɓarawo, ta ci jarrabawarta tun da wuri, aka sallame ta. Shi kuma ya mai da bakin wayar nan wurin hutawarsa. Da na fito in cire auduga, muryarsa ce ta farko.

"Bawana, yaya ɗalibarka? In ce ko an kai izu?"

"Tana zurfafa bincike ne. Taka ai haddar aku ta yi."

"Na sa an sake wa amalanken taya, kada ka wahala. Ka fi son linzami ko a bar ka haka?"

Ranar da aka saki gonaki ban ji shelar ba, ina cikin auduga. Ta hudar ƙusa na ga ƙafafu, ba na mutane ba. Awaki da tumaki suna kwarara kamar an fasa tabki, waɗanda suka yi damina a turke suna tsalle suna tuntsurawa, igiyoyi na jan ƙasa a bayansu. Na ga tsofaffin awakin maƙwabta suna gudu kamar ƴanmata. Bayana kuma, ko ban waiga ba, na san ta Inna na tsaye a keji tana dungure hagu.

Da yamma na shiga gida Inna na zaune bakin turken da ba kowa. Ta ɗauki ƙwaryar furarta, wadda aka dama da ruwa zalla, ta kurɓa ta ajiye. Na fara ba ta labarin wani Bafillace da saniyarsa ta haifi tagwaye, ta dube ni, labarin ya mutu a bakina. Ban taɓa ganin labarina ya mutu yana jariri ba sai ranar.

Garken Fulani suka shigo, suka fara cin kara daga gabas suna matsowa. Su ba sa daɗewa, da kara ya ƙare sun yi gaba. Sai ga akuyar ta fara kaɗa wutsiya ba tsayawa, tana bin waya tana shinshina iska, tana wani kuka daban da na da. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san wannan kukan, ya kuma san ba ya jiran kowa. Na sami Madam.

"Ƴata, a bar ni in aro bunsuru wajen Fulani in kawo nan. Ya gama aikinsa ya tafi."

"Baba, in warin bunsuru ya shiga filin nan, duk sauran awakin sun bar karatu. Aikin kowa ya lalace."

"To in fita da ita yini ɗaya in maido."

"Ka san ƙa'idar tun farko. Za ka iya tafiya da ita yanzu ma, ba mai hana ka. Amma ba za ta dawo ba."

Gaba kura, baya siyaki. Na koma bayan zana da ƙafata, na cusa audugar da hannuna.

Washegari da hantsi, bayan zaman safe, na fito na ga amalanken taubashina a bakin waya, Inna na bisa. Ita ta aika aka kira shi, ɗan ƙanenta ne, ba ya iya ƙi. Shi ma ranar ya yi ɗan ladabi, ya tsaya a murmushin mugunta kawai. Madam ta durƙusa ta gaishe ta, ta kama ta suka shiga filin. Inna ta kwance bakin zanenta ta ɗebo ƴar dusa, ta tsaya gaban akuyar. Tun kafin ta miƙa hannu akuyar ta karkata kai, ta kai baki daidai inda hannun zai zo.

Madam ta tsaya cak. Ta ce Inna ta ƙara. Inna ta ƙara, akuyar ta sake karkatawa gefe guda.

"Inna, kullum da wannan hannun kike ba ta?"

Inna ta dube ta kamar ta tambaye ta ko da ƙafa take tafiya. "Da wanne zan ba ta, ƴar nan? Abinci ne fa. Ko kare ba a miƙa masa da hagu."

Madam ta cire tabarau tana dariya, ta zo ta tsaya gabana, ta miƙo mini hannun damanta, ta ce in duba wane gefena ya zo. Ya zo haguna. Shekarun akuyar nan duka, ni da Inna muna tsayawa gabanta muna ba ta da dama, alheri bai taɓa zuwa mata ba sai ta hagunta. Awakin da ake zuba wa a kwano ba su da wannan. Ita ƴar gata ce, a hannu ta girma. Ba daƙiƙiya ba ce, darasin gida ta riƙe, ta ƙi sakinsa don wani gilashi.

Zuciyata ta yi fari. Na ce to ai an gano cutar, sai magani.

"Akwai magani," in ji Madam. "Zan sa odinatar ta riƙa ajiye faifan a dama har ta gaji ta gwada can. Za ta koya, na tabbata. Amma tsohon sabo ne, Baba. Sai an yi makonni."

Na dubi gabas. Ƙurar garken ƙarshe ce ke tashi bayan gonar kawuna. Na dubi Inna, tana shafa farin tabon goshin akuyar, ba ta kallona. Hannunta ya rame har zoben azurfarta na yawo a yatsa. Na dubi taubashina, ya riga ya fara shafa sandar amalanke kamar mai lallashin amarya.

Na zaro audugar da ta rage a kunnena ɗaya na miƙa wa Madam, na ce ta ajiye wa na baya. Na buɗe ƙofar wayar. Akuyar ba ta ko yi mini sallama ba. Tsohuwar nan da nake tausayin gwiwoyinta ta tsallake kwatar hanya kamar barewa, kafin in ce kwabo ta ɓace cikin kara. Inna ta ce, "Kai wannan, kama ni in hau."

Ran kasuwa aka kwance jaki a tasha. Ban san garinmu na da mutane haka ba, ina jin har daga Dantchiao an yi hayar mota. Taubashina ya sa babbar riga, ya ɗora buhun gero biyu don kada amalanken ya yi mini sauƙi, ya hau ya harɗe. Na shiga tsakanin sanduna na ja. Yashin hanyar nan ya riƙe taya kamar mai bin bashi, gumi ya jiƙe ni har wando. Amma bakina a buɗe yake. Duk labarin da na haɗiye a bayan zana ya fito ranar, na ba masu nama nasu, na ba masu tabarma nasu, na gaya wa kowa irin takalmin da ya sa ran kaza da inda ya nufa da shi. Muna kaiwa rumfar masu gishiri taubashina ya sauko don dariya ta hana shi zama, ya sa kafaɗa yana tura mini daga baya, yana cewa jaki mai surutu irin wannan ko kyauta ba ya so. Har yau in na shigo fada wani sai ya ce arr. Na daina jin zafinsa, sai kaɗan.

Madam ta gama da sauran awakin ta kwashe kayanta. Kafin ta tafi ta zo gaida Inna, ta ce yanzu duk akuyar da za ta karɓa sai ta tambayi yadda ake ba ta abinci a gida.

A bazara, cikin zafin nan da ke sa ƙadangare neman inuwa, akuyar ta haifi ƴa mace, ja, ba tabo. Inna ta sha furarta fara. Da ƴar ta fara lasar dusa, wata safiya na tsuguna gabanta na miƙa mata da hannun hagu, don in an sake kawo gilashi a same ta a shirye. Ban ga lokacin da Inna ta ɗauko ludayi ba, sai jin sa na yi a bayan hannuna.

"Kai wannan, a gidana? Sauya hannu."

Na sauya.